Dabarun Zaman Sansani: Abin Da Mubi Za Ta Koya Wa Masu Tsara Agaji A Abuja

Duk shekara, da zarar damina ta matso, akwai takarda iri ɗaya da ke fara yawo tsakanin ofisoshin Abuja, wato jerin kayan agajin da za a saya domin waɗanda ambaliya ko rikici zai raba da gidajensu. A ciki za a ga buhunan shinkafa da masara, da katifu, da barguna, da bokitai, da tantuna, da tampol. Jerin ba shi da aibu. Sai dai duk wanda ya taɓa kwana a sansani ya san cewa abin da ke hana mutum barci ba kasafai yake shiga wannan jeri ba. Igiyar da za a ɗaure tampol ɗin, da shebur ɗin da za a haƙa magudana kafin ruwa ya sauko, da jarka mai murfi, da sanin abin da za a yi wa ruwan rafi kafin a miƙa wa yaro ya sha, su ne ke raba daren da aka kwana lafiya da daren da aka wayi gari ana jinya.

Ra'ayina shi ne, waɗannan ƙananan dabaru da mazauna sansani ke ƙirƙira da abin da ke hannunsu sun cancanci gurbi a cikin tsarin agaji na Gwamnatin Tarayya. A tantance su, a koyar da masu amfani, a hana masu cutarwa, a kuma ware musu kuɗi. Idan ana neman garin da za a ɗauki darasin, Mubi ta isa misali.

A ranar 29 ga Oktoba, 2014, mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi, gari mafi girma a arewacin Jihar Adamawa, har suka sauya masa suna. Cikin 'yan sa'o'i 'yan kasuwa da malamai da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Jihar Adamawa suka watse. Wasu suka hau duwatsun Mandara, wasu suka tsallaka Kamaru, wasu suka nufi Yola a ƙafa. A tsakiyar Nuwamba sojoji tare da maharba da 'yan banga suka ƙwato garin, amma zaman sansani bai ƙare nan ba. A Yola da kewayenta an tsugunar da mutane a Malkohi da Fufore da sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Damare, yayin da mafi yawa suka raɓa a gidajen 'yan uwa da masallatai da majami'u. A 2015 kuma, da Kamaru ta fara maido da dubban 'yan Najeriya ta kan iyakar Sahuda, Mubi ce ta zama zangonsu na farko. Garin da ya yi gudun hijira shi ne ya koma mai saukar baƙi.

Tun kafin wannan masifa ma, yankin ya san zaman daji. Makiyayan da ke kai shanu babbar kasuwar dabbobi ta Mubi, da fataken da ke kwana a hanya tsakanin Najeriya da Kamaru da Chadi, da manoman da ke tarewa a bukkokin gona lokacin kaka, duk sun gaji sanin inda ake kafa bukka da inda ba a kafawa. Wannan ilimi ne ya taimaki mutane da yawa a makonnin da babu wata hukuma da ta iya kaiwa gare su.

Mu fara da matsuguni. Tampol ɗin da ake rabawa yakan yage ne ta wajen ƙofofin da ake zura igiya, domin nan iska ke ja. Dabarar da aka sani ita ce a sa ƙaramin dutse mai sulɓi a cikin tampol ɗin, a dunƙule shi, a ɗaure igiya a wuyan dunƙulen. Ƙarfin jan sai ya rarrabu, ba ya taruwa a wuri ɗaya. Idan aka ƙara guntun robar cikin tayar mota tsakanin igiya da turke, robar za ta riƙa miƙewa tana komawa a duk lokacin da iska ta buga, sai tanti ya rusuna maimakon ya tsage. Waɗanda suka san iskar da ke gabatar ruwan farkon damina a gindin duwatsun nan sun san darajar wannan roba da ake yarwa a bakin garejin masu faci.

Haka batun zafi. A watannin Maris da Afrilu, tantin leda da rana tsaka murhu ne. Mai jego da jariri ba sa iya zama a ciki. Maganin da mazauna sansani suka samo shi ne a kafa rumfar zana ko ta karan dawa a saman tantin, a bar tazara kamar taƙi ɗaya ko biyu domin iska ta ratsa. Zanar ce ke shan ranar, ita kuma ledar ta ƙasa ta daɗe ba ta ruɓe ba, domin hasken rana shi ne babban abin da ke cinye tampol. Da damina kuwa, aikin farko shi ne a zagaye tanti da 'yar magudana, a tara ƙasar da aka haƙo a ciki domin daɓen ya ɗara waje tudu. Wanda ya kafa a kwari ko kusa da gaɓar Kogin Yedzaram don neman sauƙin ɗiban ruwa, daren farko na ruwan Agusta zai koya masa abin da makiyayi ya sani tun yana yaro.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar kwangila. Abin da suke buƙata shi ne igiya, da shebur, da basilla, da zana, kuma duk ana samunsu a kasuwar Mubi. To amma idan jerin kayan da aka sa wa hannu a Abuja bai ambace su ba, jami'in da ke filin ba shi da hurumin sayensu, ko da yana ganin tantunan da aka kashe maƙudan kuɗi a kansu suna lalacewa cikin watanni kaɗan. Kuɗin igiya aka ƙi kashewa, sai a dawo a sake sayen tanti.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne ruwa. A watan Mayun 2018 kwalara ta ɓarke a ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu. Cikin makonni kaɗan ɗaruruwan mutane suka kamu, aka kuma rasa rayuka. Wannan a cikin gari ke nan, inda akwai asibiti da rijiyoyin burtsatse. A sansani, inda mutane ke cunkushe suna ɗiba a wuri ɗaya, cutar ta fi saurin yaɗuwa, kuma tana iya kashe babban mutum cikin yini guda saboda ƙarewar ruwan jiki.

Akwai matakai da iyali za su iya ɗauka da kansu, amma dole a san iyakar kowanne. Alimun da garin 'ya'yan zogale suna kwantar da laka, ruwa ya yi garau. Sai dai ruwa mai haske ba lallai ne ya zama mai tsafta ba, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Tacewa da ƙyallen auduga da aka ninka sau huɗu ko fiye tana rage haɗari sosai. A ƙauyukan Bangladesh an gwada wannan da tsofaffin zannuwan mata, kuma binciken da aka wallafa a 2003 ya nuna kamuwa da kwalara ta ragu da kusan rabi. Mu ma mun san amfanin ƙyallen tacewa, domin yana cikin makaman da aka yaƙi kurkunu da su har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Najeriya ta rabu da cutar. Amma rabi ba duka ba ne. Bayan tacewa sai an kashe ƙwayoyin cuta, ko dai ta tafasa ruwan ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko ta sa ƙwayar kulorin a jira rabin sa'a. Idan babu itace babu kulorin, akwai rana. A cika gorar roba mai haske wadda ba ta wuce lita biyu ba da ruwan da aka riga aka tace, a kwantar da ita a kan kwanon rufi ta sha rana sa'o'i shida, ko kwana biyu idan akwai gajimare. Daga nan sai a adana a jarka mai ƙaramin baki da murfi, domin randar da kowa ke tsoma moɗa a ciki tana iya ɓata duk wahalar da aka sha.

Wankin hannu shi ma yana da dabara. Ana rataye jarka a sanda, a huda ta kusa da wuya, a ɗaure igiya daga bakinta zuwa wani itace a ƙasa. Mutum ya taka itacen, jarka ta karkata, ruwa ya zubo kaɗan kaɗan ba tare da hannu ya taɓa ta ba. A Zimbabuwe aka fara yaɗa wannan da goran duma, yanzu kuwa ana amfani da shi a ƙasashe da dama. Inda sabulu ya ƙare, toka ta fi babu, amma ba ta kai sabulu ba, don haka kada wani ya rubuta a rahoto cewa an magance matsalar. Inda toka ta fi amfani shi ne masai. Idan ana barbaɗa ta bayan kowace shiga, aka kuma yi wa ramin murfi, wari da ƙudaje suna raguwa.

Idan kuma gudawa ta riga ta kama, ruwan gishiri da sukari shi ne abin da ke riƙe rai kafin a kai ga asibiti. Tarihin wannan magani ma a sansani ya kafu. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifi Bangladesh, wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya rasa isasshen ruwan da ake ƙara wa masu kwalara ta jijiya a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon. Sai ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari a manyan durom ana shayar da marasa lafiya, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. A nan gida, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya aka cusa wannan a kunnen kowace uwa ta rediyo da talabijin. Awon da ake koyarwa a yau shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, kuma a zubar da abin da ya rage bayan kwana ɗaya. Awo shi ne komai a nan, domin gishiri idan ya yi yawa yana iya cutar da yaro. Shi ya sa wanda ke cikin fakiti ya fi, kuma shi ya kamata ya fara isa sansani kafin shinkafa.

Akwai wata dabara da ta fito daga ƙasar Hausa ta zagaya duniya. Mohammed Bah Abba, malami daga Jihar Jigawa, ya yaɗa amfani da tukunya cikin tukunya. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan da ke tsotsewa ta jikin tukunyar waje yana tafiya da zafi, sai tumatir da alayyafo da yalo su yi kwanaki ba su lalace ba. Wannan ya sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ga iyalin da ke sansani ba wutar lantarki, wannan babban sauƙi ne. Amma da rani da hunturu yake aiki, lokacin da iska ta bushe. Da damina sanyinsa kaɗan ne, kuma ko kusa bai dace a ajiye allurar rigakafi a ciki ba.

Wannan ya kawo mu ga dalili mafi ƙarfi da ya sa hukuma ba za ta zuba ido ba: wasu dabarun kisa suke yi. Da sanyin hunturu, wanda ke da tsanani a gindin duwatsu, mutane kan shiga da kaskon gawayi cikin tanti su toshe kowace kafa. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci za ta tafi da shi. Girki a jikin zana da rani shi ne tushen yawancin gobarar da ke lashe sansanoni a Arewa maso Gabas. Hayaƙin ganyen darbejiya yana korar sauro na ɗan lokaci, amma ba ya maye gurbin gidan sauro mai magani, kuma hayaƙin kansa yana cutar da ƙirjin yara. Idan kububuwa ta sari mutum, ɗaure ƙafa da igiya tamau, da tsaga wurin, da tsotsar dafi, da manna baƙin dutse, duk ba sa cire dafi, sai dai su ƙara rauni su kuma cinye lokaci. Abin yi shi ne a hana gaɓar motsi a garzaya inda ake da allurar maganin dafi. Ma'aikatan asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe sun daɗe suna kokawa da yadda ake kawo musu mutane a makare. Share ciyawa a kewayen tanti, da ɗaga shimfiɗa daga ƙasa, da kakkaɓe takalmi kafin a sa da safe saboda kunama, su ne dabarun da ke aiki, kuma kyauta ne.

To wa zai bambance wa mutumin da ke cikin ruɗani dabara mai ceto da mai halakarwa, idan hukumomin da aka kafa domin shi ba su ɗauki batun a matsayin aikinsu ba?

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce yabon dabarar talaka hanya ce ta wanke gwamnati, wato a koya wa mutum tace ruwan rafi maimakon a haƙa masa rijiya. Tsoron yana kan hanya, domin mun sha ganin yadda ake yaba wa haƙurin mutane a lokacin da ya kamata a ji kunyar abin da ya sa suke haƙurin. Amsar ita ce a bar ma'auni a inda yake. Ƙa'idojin agajin gaggawa da duniya ta amince da su sun tanadi aƙalla lita 15 ta ruwa ga kowane mutum a rana, da masai ɗaya ga mutum 20, da tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, da murabba'in mita uku da rabi na rufaffen wuri ga kowane rai. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan kare waɗanda aka raba da muhallansu a cikin ƙasarsu, kuma tana da Hukumar NEMA tun 1999, da Hukumar Raya Arewa maso Gabas tun 2017. Waɗannan alkawura ba sa sauka daga wuyan gwamnati don wata uwa ta iya haɗa famfon jarka. Dabarun nan na cike giɓin kwanakin farko ne, tsakanin ranar da mutane suka gudu da ranar da motar agaji ta iso. Kowa ya san wannan giɓi ba ya rasa faruwa, kuma a cikinsa ne yara suka fi mutuwa.

Wasu kuma za su ce ai zamanin sansani ya wuce, tunda Mubi ta farfaɗo, kasuwa ta cika, Jihar Borno ma ta fara rufe sansanonin Maiduguri tun 2021. Sai dai ambaliyar 2022 ta raba fiye da mutum miliyan ɗaya da gidajensu a faɗin ƙasar nan, kuma Adamawa na cikin jihohin da ke fara jin jiki duk lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. A Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, cikin dare ɗaya aka sake buɗe sansanonin da aka rufe a Maiduguri. A 2025 kuma Amurka ta janye kaso mai yawa na tallafin da take bayarwa, wanda ke nufin ƙungiyoyin waje da muka saba jingina da su ba za su zo da yawan da suka saba ba. Sansani zai sake dawowa, kuma nauyinsa zai fi faɗawa a kanmu.

Batun ya shafi ma'aikacin tarayya ta wata fuskar ma. Matasa masu yi wa ƙasa hidima da hukumar zaɓe ke tarawa a makarantun firamare daren jajibirin zaɓe, da ma'aikatan rigakafi da ke shiga ƙauyukan kan iyaka, da jami'an kwastan da na shige da fice da ke zaune a shingayen da ba ruwa ba wuta, da jami'an agajin kansu, duk 'yan sansani ne na ɗan lokaci. Ana tura su da wasiƙa da alawus, amma da wuya a ba su bayanin minti goma kan ruwan da za su sha da inda za su kwanta.

Abin da nake roƙon masu rubuta takardun da manya ke sa wa hannu ba shi da yawa. A sa igiya da shebur da basilla da jarka mai murfi da sabulu da kulorin da fakitin gishiri da sukari a sahun farko na jerin kayan agaji. A ba jami'in da ke filin damar sayen zana da tukwane da turaku a kasuwar da ta fi kusa, domin kuɗin ya zauna a hannun masaƙa da magina na garin da ya ɗauki nauyin baƙi. A ba kwalejin tarayya da jami'ar da ke Mubi aikin gwada waɗannan dabaru a yanayin yankin, su fitar da 'yar takarda mai hotuna da Hausa da Fulatanci, wadda za ta nuna abin yi da abin gudu, a kuma karanta ta a gidajen rediyo kafin damina. A ɗauki matan da suka yi zaman sansani a 2014 da 2015 a matsayin masu koyarwa, a biya su, domin sun fi duk wani mai ba da shawara da za a ɗauko daga otal sanin abin da suke faɗa. Sannan a kafa sharaɗi a rubuce cewa ba za a ƙirga famfon jarka a matsayin ruwan da gwamnati ta samar ba, ba za a kuma ƙirga rumfar zana a matsayin gidan da ta gina ba.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Ilimin yana nan a Mubi, a hannun mutanen da suka saye shi da tsada. Kasafin da ake buƙata domin tattara shi bai kai kuɗin taron bita guda ɗaya a Abuja ba, kuma fayil ɗin da zai fara wannan aiki yana iya fitowa daga teburin duk wani darakta ko hadimi da ke karanta wannan rubutu, kafin ruwan bana ya sauko.